Zunubin Wa Ya Jawo Wa Ƙanwata Sikila?

Tun da farko ina neman afuwa, rubutun nan dogo ne. Wanda yake da gwaji gobe ya ajiye shi sai ya fito. Na fi wata biyu ina rubutawa ina gogewa, yau dai na ce bari in sake shi in huta.

Waɗanda muke haɗuwa a taron ɗaliban Arewa sun san ni. Kirista ne ni, a coci na tashi, babana mai wa'azi ne a ƙauyenmu, ni kuma ina aji uku ina karanta ilimin dabbobi a nan Kudu. Da yawanku kun san a zangon da ya wuce na yi rashin ƙanwata. Shekararta 14. Sikila ce, abin da a gida ake kira amosanin jini. Ba zan manta yadda kuka haɗa min kuɗin mota cikin dare ɗaya ba, Musulmi da Kirista, har da waɗanda ko sunana ba su gama riƙewa ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Da na dawo makaranta, abu biyu suka same ni a cikin mako guda. Bayan addu'ar yamma a wata zumunta, wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka binciki gidanku. Irin wannan ciwo ba ya zuwa haka kawai. Akwai la'anar gado, sai an karya ta." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta zauna min a ƙirji kamar dutse. Bayan kwana biyu kuma, a lakcar ƙwayoyin gado, malaminmu ya zana AS da AS a allo, ya nuna yadda SS yake fitowa, sannan ya ce dalilin da ya sa wannan ƙwaya ta yi yawa a ƙasashenmu shi ne tana kare mai AS daga zazzabin cizon sauro mai tsanani. Wato abin da ya kashe ƙanwata shi ne abin da ya raya kakanninmu.

Da dare ina ba abokin ɗakina labari. Musulmi ne, Bakatsine, yana karanta haɗa magunguna. Ya yi shiru, sai ya ce, "To mutumina, ku a wurinku me ake cewa? In ciwo da mutuwa sun shigo duniya saboda laifin Adamu ne, ƙasusuwan nan da kuke karantawa na dabbobin da suka mutu kafin mutum fa?" Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Ni ɗan mai wa'azi, na buɗe baki na rufe. Daga ranar na shiga laburare da intanet ina neman abin da malaman Kirista suka ce a kan wannan. Abin da na samo ne zan shimfiɗa muku, da inda ni na tsaya.

Sai mun fara raba sharri gida biyu. Akwai wanda hannun mutum ya ƙulla: ɗan bindiga, mai garkuwa da mutane, wanda ya cinye kuɗin asibiti. Wannan Kirista yana da amsarsa tun da daɗewa, Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi, mutum ya zaɓi mugunta. Akwai kuma bala'in da babu hannun kowa a ciki. A ranar 21 ga Agusta 1986 wata iska mai shaƙe numfashi ta ɓullo daga tafkin Nyos a Kamaru cikin dare, ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawa suna barci. A watan Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya. Ga sauro, ga ciwon daji, ga sikila. A nan zancen 'yancin zaɓi ba ya kai mu ko'ina. Wa ya zaɓa?

Kuma kada ku ɗauka sai an je Turai ake ganin matsalar. Ku duba gidan zanzaro a bangon ɗakinku. Idan kun fasa shi za ku tarar da tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki. Ba matattu ba ne. Uwar ta harbe su ne ta shanye musu jiki, ta toshe su a ciki da ƙwanta, don ɗanta in ya ƙyanƙyashe ya ci nama da ransa. Wani dangin wannan ƙwaro ne ya dami Charles Darwin, har ya rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860, shekara guda bayan fitowar littafinsa a kan asalin halittu, cewa ya kasa shawo kan zuciyarsa ta yarda Allah mai alheri ya tsara irin wannan da gangan. Shi ma Darwin ya binne 'yarsa mai shekara 10 a 1851. Da na karanta wannan sai na daina ganinsa kamar dodon da ake tsorata mu da shi a makarantar Lahadi.

Amsa ta farko ita ce wadda aka rene mu da ita. Allah ya halicci duniya da kyau ƙwarai, ba ciwo ba mutuwa. Adamu da Hawwa'u suka yi rashin biyayya, aka la'anta ƙasa, ƙaya da sarƙaƙiya suka tsiro, mutuwa ta shigo. Ana kafa hujja da Farawa sura 3 da Romawa sura 5. Amsar tana da ƙarfi, don ta wanke Allah tas, ta kuma nuna cewa duniyar da muke gani ba ita ce yadda aka nufa ba. Kowane mai makoki yana jin wannan a jikinsa.

Matsalarta ita ce tambayar abokin ɗakina. Kimiyya ta ce duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, mutum irinmu kuma bai wuce kimanin shekara 300,000 ba. A Gadoufaoua, cikin hamadar Nijar, an tono ƙasusuwan wani ƙaton kada mai tsawon mita 9 ko fiye, wanda ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Haƙoransa ba na cin ciyawa ba ne. A 2020 masana suka tabbatar da ciwon daji a ƙashin ƙafar wata dabba daga cikin manyan dabbobin nan na da da ake kira dainoso, wadda aka tono a Kanada, mai shekara sama da miliyan 70. Ciwo, farauta da mutuwa sun riga Adamu zuwa da nisa.

Masu riƙe da amsar farko sun ga wannan, shi ya sa wasunsu, irin su Ken Ham a Amurka, suka ce lissafin shekarun ne ƙarya: duniya ba ta wuce shekara 6,000 da 'yan kai ba, ƙasusuwan kuma ruwan Tufana ne ya binne su. Lissafi ne mai kama da na Bishop James Ussher na ƙarni na 17, wanda ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Ina girmama su a kan abu ɗaya, ba su ɓoye inda maganarsu ta kai su ba. Amma ni ba zan iya bin su ba. 'Yan uwanmu masu karanta ilimin duwatsu da waɗannan shekarun suke aiki, da su ake neman man fetur, kuma hanyoyin awo daban-daban da ba su dogara da juna ba suna ba da amsa iri ɗaya. Ba zan rubuta abu a takardar jarrabawa ranar Juma'a in ƙaryata shi ranar Lahadi ba. Wani kuma, William Dembski, ya fito a 2009 ya ce Allah ya san Adamu zai fāɗi, sai hukuncin ya yi aiki baya-baya, kamar yadda gicciye ya ceci waɗanda suka rayu kafin Yesu. Dabara ce, amma ni ban ga adalci a dukan yaro yau saboda laifin da wani zai yi baɗi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, shi kansa Littafi Mai Tsarki bai tsaya inda muka tsayar da shi ba. A Zabura 104 zakoki suna ruri suna neman abincinsu a wurin Allah, kuma mai zaburar yabo yake yi, ba kuka ba. A ƙarshen littafin Ayuba, Allah da kansa yana nuna yadda yake ciyar da zaki da hankaka, babu inda ya jingina hakan ga Adamu. Romawa sura 5 kuma, in ka karanta a hankali, mutuwar da ta bazu a kan mutane take magana. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ƙarnuka kafin a haifi Darwin, ya riga ya ce zunubin mutum bai canja ɗabi'ar dabbobi ba, zaki mai cin nama ne tun asali. Agustin kuwa, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya gargaɗi Kiristoci tun ƙarni na 5 da su daina faɗin shirme a kan sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don suna jawo wa Nassin raini. Kamar da mu yake.

Amsa ta biyu: Shaiɗan ne da mala'ikun da suka fāɗi. C. S. Lewis ya kawo wannan a littafinsa na 1940 a kan matsalar ciwo, ya ce mai yiwuwa wani mugun ruhu ya lalata duniyar dabbobi tun kafin mutum ya zo. Alvin Plantinga ma ya ambace ta a 1974, ko da yake shi cewa ya yi abu ne mai yiwuwa a hankalce, bai ce ya tabbatar ba. Wannan amsa ta tsallake matsalar ƙasusuwa, kuma ta fi kowace karɓuwa a ƙasar nan, inda ko ciwon kai sai an nemo wanda ya turo.

Amma a matsayina na mai karanta dabbobi, ga abin da ya hana ni karɓa. Saurin barewa daga ina ya fito? Daga gudun masu farautarta, tsara bayan tsara. Ƙarfin idon shaho kuma daga farauta ya fito. Kyan da muke yabon Allah a kansa da zafin da muke so mu ɗora wa Shaiɗan saƙa ɗaya ce, ba za ka zare zare ɗaya ka bar ɗaya ba. In ka ce haƙorin zaki na Shaiɗan ne, to ƙafar barewa ta wa ce? Sai ka wayi gari ka mai da Shaiɗan abokin aikin halitta, abin da Kirista bai yarda da shi ba. Sannan mun san inda wannan tunani yake ƙarewa in ya sauko ƙauye. Yaro ya mutu, sai a fara kallon wata tsohuwa da ba ta da mai tsaya mata, a ce mayya ce. Kafin a san sikila da sunanta, uwaye nawa aka zarga saboda 'ya'yansu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya?

Amsa ta uku: duniya makaranta ce. Tushenta yana wurin Ireniyus, bishop ɗin Lyon a ƙarni na 2, wanda ya ga Adamu kamar yaro ne da bai gama girma ba. John Hick ya farfaɗo da ita a 1966. Ya ce Allah bai yi duniya don ta zama wurin hutu ba, ya yi ta ne don a gina hali. Ba haɗari ba jarumta, ba rashi ba tausayi, ba yunwa ba kyauta. Akwai gaskiya a nan. Likita Paul Brand, wanda ya daɗe yana aiki da kutare a Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da suke rasawa saboda ba sa jin zafi ne, sai su ƙone ko su ji rauni ba su sani ba. Jin zafi kariya ne. Kuma ni shaida ne, rashin ƙanwata ya nuna min alherin mutane da ban taɓa sanin akwai shi ba.

Sai dai akwai iyaka. Na taɓa riƙe yarinyar nan tsakar dare tana ihu ƙasusuwanta kamar ana sara, muna jiran gari ya waye a sami mota. Wane darasi ne ya kai wannan tsada? In ni ne ake so in koyi tausayi, me ya sa ita ce ta biya kuɗin makarantar? Tsutsar da ke cikin gidan zanzaro kuma wane hali take ginawa? Ba zan iya tsayawa gaban Mama in ce mata 'yarki ta sha wahala ne don mu gyaru ba. Duk bayanin da ba za a iya faɗa a gidan makoki ba, ina ganin da sauransa.

Amsa ta huɗu ita ce ta fi dacewa da abin da nake gani a ɗakin gwaje-gwaje. John Polkinghorne, masanin kimiyyar lissafi da ƙwayoyin zarra a Cambridge wanda ya ajiye kujerarsa ya zama firist na Anglikan, ya ce kamar yadda Allah ya ba mutum 'yanci, haka ya bar halitta ta bi ƙa'idojinta ta gina kanta, bai riƙe ta kamar 'yar tsana ba. Sauyin da yake faruwa a ƙwayoyin gado shi ne yake kawo sababbin halittu, shi ne kuma yake kawo ciwon daji. Motsin faifan ƙasa da yake kawo girgiza shi ne yake ɗaga duwatsu, yake juya sinadaran da rayuwa ta dogara da su. Ruwan da yake shayar da gona shi ne yake cin gida. Christopher Southgate ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 2008, inda ya ɗauko hoton Romawa sura 8 na halitta mai nishi kamar mace a kan gwiwa. Ya ce mai yiwuwa juyin halitta, da duk zafinsa, ita ce kaɗai hanyar samar da duniya mai irin wannan yalwa da kyau.

Ku dubi sikila da wannan ido. Canjin harafi ɗaya ne tak a ƙwayar gadon da take sarrafa sinadarin jan jini. Wanda ya gaji kwafi ɗaya, AS, yana da kariya daga zazzabi mai kisa, abin da Anthony Allison ya nuna a 1954 daga bincikensa a Gabashin Afirka. Wanda ya gaji biyu, SS, shi ne yake biya. A ƙasar da sauro yake kashe yara, masu AS sun fi rayuwa su haihu, sai ƙwayar ta yaɗu. Shi ya sa kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya yake ɗauke da ita, kuma aka ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Ba la'ana ba ce. Tabo ne na wani dogon yaƙi tsakanin jinin kakanninmu da ƙwayar zazzabi.

Wannan ya cire min nauyi guda, amma bai rufe maganar ba. Wa ya gaya mana ita ce kaɗai hanya? Mu da duniya ɗaya tak muka taɓa gani. Kuma in Allah zai iya yin sabuwar sama da sabuwar ƙasa inda ba hawaye, kamar yadda muke sa zuciya, me ya hana ya fara da ita? Southgate bai guje wa tambayar ba. Ya ce wataƙila sai an bi ta wannan duniya ake samun halittun da za su zauna a waccan, ya kuma ce bayanin ba ya tsayawa shi kaɗai sai an haɗa shi da abu biyu: Allah yana shan wahala tare da kowace halitta, kuma akwai fansa a gaba har ga waɗanda rayuwarsu ba ta kai ko'ina ba. Kun ga daga nan mun fita daga lissafi mun shiga bangaskiya. Wanda bai gaskata ba yana da ikon ya ce duniya ta yi kama da wadda ba mai kula da ita, kuma gaskiya wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi. Ban ga amfanin mu yi kamar ba ta da nauyi ba.

To ina na tsaya? Na yarda duniya tsohuwa ce, na yarda halittu sun sauya cikin dogon lokaci, kuma ban ga hakan ya kore Mahalicci ba. Ba ni kaɗai ba ne. Fafaroma John Paul na Biyu ya faɗa a 1996 cewa juyin halitta ya wuce hasashe kawai. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan'adam, Kirista ne na sosai. Amsa ta huɗu ce na fi karkata gare ta, amma riƙon ƙwai nake mata. Abin da na riƙe da hannu biyu ba bayani ba ne. Bangaskiyata ta ce Allah ya ɗauki jiki irin namu, mai jijiya da jini, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, ya mutu yana jin zafi, ya kuma tashi. Wannan bai gaya min dalilin sikila ba. Ya dai hana ni ganin Allah kamar mai kallo daga nesa, ya kuma ba ni dalilin sa zuciya zan sake ganin yarinyar nan da jikin da ba ya ciwo.

Abu ɗaya kuma na ƙi shi gaba ɗaya, shi ne maganar ɗan'uwan nan na zumunta. Kuma ba Darwin ne ya ba ni hujja ba, Yesu ne. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya, sannan ya warkar da shi. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗo musu a Siluwam, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Abokan Ayuba sun cika surori suna nemo masa zunubin da ya ɓoye, a ƙarshe Allah ya husata da su. Mafi kyawun abin da suka yi shi ne kwana bakwai na farko da suka zauna da shi ba su ce uffan ba. Duk da haka, da girgizar ƙasa ta ruguza Haiti a 2010, sai da wani sanannen mai wa'azi a Amurka ya fito a talabijin ya ce alkawarin da kakanninsu suka yi da Shaiɗan ne. Da ambaliya ta shiga Maiduguri a Satumbar 2024, ku da kanku kun ga irin rubuce-rubucen da suka yi yawo, kowane ɓangare da nasa masu lissafa zunubin waɗanda ruwa ya ci. Wanda gidansa yake kan tudu ba adalcinsa ya cece shi ba, tudun ne.

Akwai kuma wani darasi da na tsinta a tarihi. A ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe Lisbon da safe, ranar idin dukan tsarkaka, mutane suna cikin majami'u. Dubun dubata suka mutu. Voltaire ya yi amfani da ita ya caccaki masu cewa wannan ita ce mafi kyawun duniyar da za a iya yi. Sai Rousseau ya rubuta masa ya ce, ai ba halitta ce ta cusa mutane cikin dogayen benaye a wuri ɗaya ba. Rousseau bai warware matsalar ba, don babu wanda ya gina tafkin Nyos. Amma ya taɓo wani abu. Yawancin abin da muke kira bala'i daga sama, in ka tona, za ka ga hannunmu a gefe: gini a kan hanyar ruwa, kwata cike da leda, gidan sauro da aka raba kyauta aka kai lambu aka rufe yabanya da shi.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Babana da Mama ba su san AS ba lokacin da suka yi aure, babu mai gwadawa a ƙauyenmu. Ba su da laifi. Mu fa? Yawancinmu an gwada jininmu lokacin rajistar asibitin makaranta, takardar tana cikin jaka ba mu ko duba ba. Ni AS ne. Akwai wadda muka yi shekara biyu tare, har an fara sanina a gidansu. Bayan jana'iza na roƙe ta ta duba nata. AS ce. Wani ya ce mana mu yi azumi, bangaskiya tana canja jini. Na gaskata Allah yana iya komai, amma na kuma karanta cewa Yesu ya ƙi ya diro daga kan haikali don ya gwada Allah. Kuma in caca ce, ba da jikina za a yi ta ba, da jikin yaron da bai zo ba ne. Ku lura, ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne. Ba wai in an haifi SS ɗaya sauran ukun sun tsira ba, ana iya jera su. Mun yi kuka, mun rabu da mutunci. Ban ce kowa sai ya yanke irin hukuncina ba, amma kowa ya yanke nasa yana sane.

Ga 'yan uwanmu masu SS da suke cikinmu a makarantar nan, kada wani ya karanta wannan ya ji kamar ana cewa zuwansa duniya kuskure ne. Shekara 14 na ƙanwata ba zan musanya su da komai ba. Da kulawa, da magani, da yawan shan ruwa, da kariya daga sauro da sanyi, mutane da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aiki, su tsufa. Abin da suke buƙata daga gare mu shi ne mai kai su asibiti ƙarfe biyun dare, mai kwafa musu darasi, mai ba da jini. Masu binciken la'anar gidansu sun ishe su.

'Yan uwana Musulmi, ban yi magana da yawunku ba, don ban isa ba. Abokin ɗakina ya yi min bayanin ƙaddara da jarrabawa da ladan haƙuri, na saurara, na kuma ga akwai wuraren da muka yi kusa da wuraren da muka rabu. Wanda yake da ilimi a cikinku ya zo ya faɗa mana yadda malamanku suka kalli wahalar dabbobi da ta jarirai, ina so in ƙaru. 'Yan uwana Kirista da suke ganin na kauce, ku zo da aya da hujja, zan karanta duka in na fito daga gwajin Alhamis. Roƙona ɗaya, ban da zagi, kuma ban da mai da wurin filin wa ya fi wa. Akwai masu makoki da suke karantawa.

Har yanzu ban gaya wa Baba duk wannan ba. Da na je hutu na tarar da shi yana shirya wa'azi a kan Ayuba, na tambaye shi me zai ce a kan dalilin wahala. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina ba mutane amsar wannan. Yanzu da abin ya zo gidana, zama kawai nake so a yi da ni." Sai na ja kujera na zauna.

In ba ka san rukunin jininka ba, ka duba jakarka yau. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu ciwo sauƙi, ya sa mu gama karatu lafiya.